Baba Idi, Wanda Ya Je Yaƙi da Sunan Wansa

Ina tsakar gida da hantsi ina tsince shinkafa waya ta yi ƙara. Ƙanena Sabo ne, wanda ke zaune da Baba a gidanmu na Goron Dutse. Bai yi doguwar gaisuwar nan tasa ba, wadda sai ya tambayi lafiyar kowa har kaji. Cewa kawai ya yi, "Yaya Uwani, sai haƙuri. Baba ya cika." Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na ajiye faifan a ƙasa, na zauna a kan turmi. Mutumin da ya haura shekara casa'in ba za a ce mutuwarsa ta zo ba zato ba, kuma mun daɗe muna ganin jikin yana ja da baya. Amma kafin hawaye ya zo mini, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne: shi ke nan, ya tafi bai riƙe ta ba.

Abin da nake nufi lambar yabo ce ta yaƙi, wadda tsofaffin soja ke kira minda. Wani tauraro ne na tagulla da bai cika tafin hannu ba, rataye a jikin ƙyalle mai ja a tsakiya da shuɗi a gefe. An bayar da irinsa ga waɗanda suka yi yaƙi a ƙasar Burma, wadda su Baba ke kira Bama, a lokacin yaƙin duniya na biyu. Mahaifina ya je wannan yaƙi, ya dawo da rai da ƙyar. Mindar kuwa ba ta taɓa hawa ƙirjinsa ba, ko hannunsa ba ta taɓa ba har ya koma ga Allah.

Mutanen unguwa sun san shi da Malam Idi mai gyaran keke. Gajere ne, siriri, wuyansa a ɗan karkace, kuma idan ya cire hula akwai wani fili a tsakiyar kansa inda gashi bai sake tsiro ba. Muna yara muna tsokanarsa mu ce wanzami ya manta ya fara daga tsakiya. Sai ya yi dariya ya ce gammo ne ya cinye wurin. Duk ɗan dakon da ya biyo ta gaban rumfarsa da kaya a ka yana haki, Baba zai ajiye sifana ya miƙe, ya kama masa ya sauke, ya miƙa masa ruwa, sannan a gaisa. Yakan ce mana, "Mai kaya a ka, da hannu ake fara gaishe shi." Idan aka yi ruwan sama kuma ba shi da sukuni sai ya ga ƙafar kowane yaro a gidan. Zai zaunar da mu a jere, ya bi tsakanin yatsu da tsumma yana gogewa, muna ƙyalƙyala dariya shi fuskarsa a ɗaure. Sai da na girma na san ya ga ƙafafun da suka ruɓe a cikin takalmi masu su suna da rai.

Yadda aka yi ya tafi ba ɓoyayyen abu ba ne ga tsofaffin unguwarmu. An aiko wa mai unguwa ya kawo samari, ya ba da sunan Habu, wan Baba. Baffa Habu kuwa sabon aure ne, matarsa da tsohon ciki, kuma shi ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinsu. Kakarmu Iya Hauwa, wadda na ci sunanta, shi ya sa Baba ke kirana Uwata, ta dubi ƙaramin ɗanta da ko gemu bai fara ba ta ce, "Idi, in an kira Habu kai za ka amsa." Mai unguwa ya kau da kai, shi dai mutum ɗaya aka ce ya kawo daga gidan. Haka Baba ya shiga soja da sunan wansa, aka rubuta Habu Kano, aka ba shi lamba. Ba a ba shi bindiga ba. Cikin masu ɗaukar kaya aka sa shi, waɗanda ke ɗora akwatunan harsashi a ka su bi mayaƙa cikin kurmin da ko alfadari ba ya iya ratsawa.

Ya dawo ƙashi da fata, da wani zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Yana kwance da shi aka aiko cewa a zo a karɓi minda. Iya ta ce Baffa ya je ya karɓo masa, tunda dama sunansa ne a jikin littafin sallama daga soja. Baffa ya tafi da niyyar ya karɓo a hannu ya sa a aljihu. Amma ba haka ake bayarwa ba. A fili aka jera su, aka kira suna, ya fito, Bature ya maƙala masa a ƙirji a gaban jama'a, aka ɗauki hoto. Maroƙa suka rako shi har ƙofar gida suna yi masa kirari. Da ya shiga zaure ya tarar da ƙanensa a kan tabarma yana rawar ɗari, sai ya kai hannu zai cire. Iya ta ce, "Bar ta a nan tukuna, sai ya warke." Baba ya warke, ya yi aure, ya haife mu, Iya ta rasu, wannan tukuna ba ta ƙare ba.

Wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai ce me ya hana shi tambaya. Kara ce ta hana shi. Ƙane ba ya buɗe baki ya ce wa wansa ba ni, balle abin da aka maƙala wa wan a bainar jama'a. Baba yakan ce, "Abin da sai na roƙa, bai zama nawa ba tukuna." Ni kuma na yi imani Baffa jira yake a tambaye shi, domin kowace shekara da ta wuce tana ƙara wa cirewar nauyi. Ba mugu ba ne Baffa, ina so a ji wannan da kyau. Shi ya biya wa Baba sadaki, shi ya yanka ragon sunana. A kwano ɗaya suke cin tuwo a zaure kullum, Baba ba ya sa hannu sai Baffa ya fara, ba ya taɓa nama sai Baffa ya tura masa. Mutum biyu da ke ƙaunar juna haka, magana ɗaya ta gagare su har tsufa. Ni dai abin yana ba ni haushi tun ina budurwa, kuma har yau bai daina ba.

Duk shekara idan ranar tunawa da 'yan mazan jiya ta zo, Baffa ake gayyata. Ni ake ba mindar in goge da toka da lemon tsami har ta yi ƙyalli. Baba kuwa tun da safe zai fito da keken Baffa, ya buga masa iska, ya zuba mai a sarƙa, ya riƙe masa har ya hau. Ba ya kallon ƙirjin, ƙafar keken yake kallo. Da farko Baffa ba ya cewa komai game da yaƙi, idan an tambaye shi sai ya ce abin ba ya faɗuwa. Amma samari ba sa barin mai minda ya huta, kuma labaran da ya ji daga bakin ƙanensa suna nan a kansa. A hankali "suka haye kogi" ta koma "muka haye kogi". Wata rana da la'asar ina kawo musu ruwa na tarar yana ba samari labarin wata hayewa, ya ce rana ake ƙwallawa kamar ta bazara. Baba na gefe yana liƙe tayar keke. Bai ɗago kai ba ya ce, "Yaya, ruwa ake yi ranar." Baffa ya ce, "Haka ne, ruwa ake yi," ya miƙe ya shiga gida. Iyakar gyaran da na taɓa jin Baba ya yi masa ke nan.

Da ciwon ajali ya kama Baffa, ina wurin ya kamo hannun Baba ya ce, "Idi, ka yafe mini." Kowa a ɗakin ya san abin da yake nufi. Da Baba ya yi shiru na ɗan lokaci kaɗan, na tabbata da Baffa ya ƙarasa maganar, ya ce a ɗauko. Amma Baba bai iya jure ganin wansa yana ƙasƙantar da kai ba, ya yi maza ya tare shi: "Ba ka yi mini komai ba, Yaya. Kai za ka yafe mini." Baffa ya saki hannun ya juya ga bango. Ba a ambaci minda ba, don haka ta shiga cikin kayan gado ita da littafin sallama, suka faɗa hannun babban ɗan Baffa, Yaya Mudi. Ya sa aka yi mata gilashi, ya rataye ta a falonsa ƙarƙashin hoton nan na ranar da aka maƙala ta.

Baba bai taɓa yi mini zancenta ba sai da idonsa ya fara dushewa ya bar rumfa. Na je gaishe shi wata Juma'a, muna zaune a inuwar ɗakinsa, sai ya ce, "Uwata, ita wannan abar, tana da nauyi?" Na ce wace aba, Baba? Ya ce, "Wadda kike gogewa." Na ce ba ta da wani nauyi. Sai ya ce, "Ba don a gani ba. Waɗanda muka tafi tare da yawa suna can, mu muka tona musu rami da adda. Ina so ko sau ɗaya in ji ta a tafin hannuna, in san ba mafarki na yi ba." Ya faɗa mini ne saboda sunan da nake ɗauke da shi. Abin da bai iya faɗa wa uwarsa ba tana raye, ni ya faɗa wa.

Washegari na ɗauki mayafi na nufi gidan Yaya Mudi. Na tafi da niyyar lallashi, amma ni ba a san ni da sanyin baki ba. Da ya fara kewaye-kewaye sai na ce, "Yaya, kai ne cikin da aka tsaya dominsa. Don kada a haife ka maraya aka tura Baba." Dattijo ne mai furfura da jikoki, amma sai da idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Uwani, kina tsammani ban sani ba? Na sani. Amma jikokina sun tashi suna nuna hoton nan suna cewa kakanmu soja ne. In na cire na kai da hannuna, na tashi ubana daga kabari na ce masa maƙaryaci. In Baba Idi ya zo da kansa ya ce Mudi ba ni, wallahi ba zan bari ya rufe baki ba." Na koma na faɗa wa Baba, ina murna an samu hanya. Ya girgiza kai ya ce, "Da can ƙane ne ni, ban roƙi wana ba. Yanzu uba ne, in je in roƙi ɗana?" Na yi kuka, na yi faɗa, na ce wannan kara taku ta cinye ku. Ya ce in yi haƙuri in sha ruwa.

Sai na ce to a nemo masa wata, tasa ta kansa. Na yi ta sintiri a ofishin da ke kula da tsofaffin sojoji har masu gadi suka san ni. Akawun da na samu mutumin kirki ne, ba zan ɗora masa laifi ba. Ya zaunar da ni ya bayyana mini sharuɗɗan. Ya ce wannan minda ba ta duk wanda ya sa kaki ba ce, sai wanda ƙafarsa ta taka ƙasar da aka yi yaƙin a cikin lokacin yaƙin. Akwai waɗanda suka haye teku suka tsaya a sansani a baya, ba a ba su ba. Na ce wannan mai sauƙi ne, Baba ya taka, ya kwana, ya binne mutane a cikinta. Ya ce to sai sunan mutum ya dace da wanda ke rajista, da littafin sallama a hannunsa, kuma lamba ɗaya ba a ba ta minda sau biyu. Na ce ga tabo a kansa, ga wuyansa. Ya ce, "Hajiya, tabo ba ya cikin sharaɗi." Sharaɗin da ake mutuwa wajen cika shi Baba ya cika, wanda ake cikawa da alƙalami shi ya rasa. Baffa kuwa, Allah ya jiƙansa, ko Zariya bai taɓa wucewa ba.

Da akawun ya ga ba ni da niyyar daina zuwa, sai ya ce in za a samu wanda suka yi yaƙin tare ya ba da shaida, zai rubuta ya tura sama, ko Allah zai sa a duba. Na yi cigiya har na gaji, duk wanda aka ambata sai a ce ai ya rasu. Daga ƙarshe aka kwatanta mini wani tsoho a Ƙofar Dawanau, Malam Kyari, Babarbare, ya makance amma hankalinsa garau. Muka sa rana, 'ya'yansa suka kawo shi ofishin, ni da Sabo muka kawo Baba. Malam Kyari yana zaune a kan benci Baba ya yi sallama. Tsohon nan ya zabura kamar an tsikare shi, ya miƙa hannuwa yana lalube yana cewa, "Habu! Habu Kano! Kana raye?" Baba ya ce, "Na'am." Suka rungume juna suna kuka, mu ma muna yi, har akawun sai da ya cire tabarau.

Da suka natsu akawun ya juya ga Malam Kyari ya ce, "Baba, wane ne wannan?" Malam Kyari ya ce, "Habu ne. Shi ya goye ni ya haye kogi da ni ranar da ƙafata ta kumbura, ga akwati a kansa. Ko a cikin dubu zan gane muryarsa." Akawun ya ce, "Ka san wani Idi a cikinku?" Tsohon ya yi tunani da gaske, ya ce, "Ban san wani Idi ba." Na sa baki na ce ai shi ne Idin, na fara bayani. Malam Kyari ya ce shi dai ba zai rantse a kan abin da bai sani ba, Habu ya sani, da Habu ya ci wuya. Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar tasa ce ta rufe mana ƙofa ta ƙarshe. Akawun ya dube ni ya ce a hankali, "Hajiya, shaida ta ce Habu ya je, kuma an ba Habu." A cikin adaidaita muna komawa, da muka kusa gida sai Baba ya juyo wurina. Ya ce, "Kin ji da ya kira? Na amsa kafin in tuna." Daga ranar bai sake tayar da zancen ba, ni ma ban sake ba. Malam Kyari ya riga shi tafiya da 'yan watanni.

Ranar jana'iza Yaya Mudi yana cikin waɗanda suka ɗauki makara, kuma Sabo ya ce kukan da ya yi a maƙabarta ba na ganin ido ba ne. Ban yi mamaki ba, yana ƙaunar Baba. Mindar tana nan a bangon falonsa. A wajen zaman makoki mata suna ta shigowa, kowace da alherin da za ta tuna: wannan ya gyara wa ɗanta keke bai karɓi komai ba, waccan ya sasanta ta da maƙwabciya. Sai wata maƙwabciyarmu, yarinya ce a kaina, ta ce da zuciya ɗaya, "Allah sarki Baba Idi, bawan Allah. An ce a unguwar nan aka haife shi, bai taɓa kwana a wajen ganuwa ba. Wansa ne mai yawon duniya, har yaƙi ya je." Matan suka ce Allah sarki. Na duba ɗakin kaf ina neman tsohuwa ɗaya da za ta ce ba haka ba ne. Babu ko ɗaya, duk waɗanda suka sani sun riga shi.

Shi ya sa na rubuta wannan. Na san ba zai canja komai a rajista ba, ba kuma zai sauko da abin da ke bango ba. Na san bayan an karanta shi akwai gidan da ba zan ƙara shiga a tare ni da sakin fuska ba, kuma da Baba na raye da ya ce in yaga. Ban san wanda zai yarda da ni ba. Hoto na wurinsu, littafi na wurinsu, tagulla na wurinsu, ni ba ni da komai sai abin da na gani a zaure da abin da aka faɗa mini a inuwar ɗaki. Nan da 'yan shekaru ni ma zan bi su, daga nan labarin ya zama na mai hoto har abada.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Idrisu, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sauke masa duk abin da ya ɗauka bai yi ƙorafi ba. Ka jiƙan Baffa Habu, kada ka kama shi da abin da kunya ta hana shi gyarawa. Ka jiƙan Iya Hauwa da Malam Kyari, da waɗanda aka binne a kurmin da ba mai zuwa yi musu addu'a. Ka ba Sabo da iyalinsa haƙurin ɗakin da ya zama kango, ka sanyaya zuciyar Yaya Mudi, ka sanyaya tawa, kada zumuncin da iyayenmu suka biya da tsada haka ya tsinke a hannunmu. Kai ba ka bukatar shaida, ka ga wanda ya tafi. Ranar da za a tashi kowa, ya Ubangiji, ka sa a kira shi da sunansa.